Talata, Ɗaki na Huɗu

Tasalla ta shigo da fuska kamar watan daren sha huɗu.
'Yan layinsu a Kantin Kwari suna ce mata,
"Hajiya, kasuwa ta karɓe ki."
Ni kuwa ƙafafunta na duba,
sirara kamar karan dawa,
an ɗora musu randa.

Na ce ta tsuguna ta miƙe.
Ta yi dariya, ta dafa bango, ta dafa gwiwa.
"Tun azumin bara a kujera nake salla, likita."

Tozo ya tsiro a bayan wuyanta.
A cikinta zane-zane ruwan makuba,
faɗin yatsa, ba irin na goyon ciki ba.
Fatar hannu ta koma ɓawon albasa,
ko ƙyaure ta goga sai jini ya kwanta.
Ga hawan jini, ga suga.

Jiki ya gama ba da shaida,
kotisol ne ya yi ambaliya.
Sai dai ruwan da ya ci gida
ba ya faɗin inda madatsa ta ɓalle.
Ko daga sama ne, ƙwayar nan mai girman wake
da ke ba da umarni a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa,
ko 'yar hular da ke zaune a kan ƙoda
ta daina jin magana,
ko kuwa daga waje aka yi dakonsa.

Da na wajen nake farawa, shi ne mai arha.
"Me kike sha? Me kike shafawa?"
"Ba komai."
Fanka tana juyi, layi yana tari a baranda.
Sai 'yarta Laure ta zuge jaka,
ta zazzage ƙulli a kan teburina,
farare, ƙanana, babu kwali, babu suna.
"Na ciwon gwiwa ne.
Wani mai kemis a Sabon Gari yake ƙulla mata,
shekara biyu ke nan."

Tasalla ta miƙa hannu za ta watsa su a kwando.
Na riƙe hannun.
Hular kan ƙoda ta ga ana yi mata aiki,
ta shimfiɗa tabarma ta yi barci.
Wanda ya daɗe yana barci ba a tashinsa da tsawa.
Da rabi-rabi za mu janye, wata da watanni.

Bayan azahar sai ga Ɗantani,
mai adaidaita daga Gwammaja,
da fuskar Tasalla a kan wuyansa.
Na tambaye shi, na sake tambaya,
ya juye aljihu: goro, makulli, canjin ɗari biyu.

Na buɗe tafinsa.
Layukan sun yi baƙi kamar an bi su da tawada,
gaɓoɓin yatsu ma haka, har dasashi.
Ƙwayar kemis ba ta rina mutum irin wannan rini.
Wani ne a ciki yake ta aika saƙo,
a ƙara, a ƙara,
saƙon yana shafa wa fata zunzurutun duhu.
"Kai yana ciwo?"
"Kullum da asuba.
Kuma sau biyu mota ta fito min ta gefe
a shataletalen Ɗangi, ban gan ta ba."

Na ajiye biro.
Zato ba hukunci ba ne.
Na ba shi jarka ya tara fitsarin kwana guda,
ƙwaya ɗaya ya haɗiye sha ɗayan dare,
ya kawo min jininsa takwas na safe.
In lissafi ya nuna sama, sai hoton kai.

Ya juya takardar, ya duba bayanta
kamar kuɗin yana rubuce a can.
"Hoton nawa ne?"
Na faɗa masa.
Ya ƙirga a yatsun nan masu duhu,
ya ce, "Kwana arba'in na aiki, in mai bai tashi ba."
Ya naɗe ta huɗu, ya sa a cikin hula.